Ɗinkin Ɓoye a Aljihun Lemar Ko-ta-kwana

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika koya mini, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, ina fatan makwancinki da haske. A wasiƙa akan tambayi lafiya, a tambayi gajiya da mutanen gida. Ni ban san abin da ake tambayar wadda ta kwana arba'in a makabarta ba, don haka zan wuce kai tsaye ga abin da ya zaunar da ni rubutu.

Umma, na yi miki ƙarya. Sau ɗaya na furta ta, amma shekara uku ina ɗauke da ita, har aka fita da ke daga gidanmu na Zuba ban sauke ba. Yau zan faɗi gaskiyar a inda mutane za su karanta, tunda yanzu ba za ta yi miki ciwo ba. Masu karantawa ba su san mu ba, sai ki yi haƙuri in na tsaya ina bayanin abin da kin fi ni sani.

Mu biyu kika haifa, Yaya Mudan da ni. Shi makanike ne, yana gyaran babur da janareta a bakin titin Kaduna. Ni tela ce, shagona na bayan kasuwar kayan marmari. Kin sha cewa Allah ya raba mana hannun babanmu gida biyu, ya ba shi na ƙarfe ya ba ni na zare.

Kin tuna shekarar da wani mutumin Kafanchan, Istifanus, ya kawo masa wani ɗan inji mai farfela ya gyara? Yaya ya gyara, ya bi shi fili wajen Sheda don ya ga abin da ake yi da injin, shi ke nan bai sake dawowa hankalinsa ba. Wai mutum ya goya inji a baya, ya ɗaure kansa a wata kujera ta yadi da igiyoyi, ya baza ƙatuwar lema, ya ruga da gudu har ƙafarsa ta bar ƙasa. Su biyar ne ko shida masu wannan wasa, Istifanus ne malaminsu. Yaya na gyara musu inji, su kuma suka koya masa tashi, daga baya suka bar masa wata kujera ta zama tasa.

Ke kuwa, Umma, da ko gadar sama ta masu tafiya a ƙasa ba kya hawa. Gara ki tsaya rabin awa a bakin titi kina jiran tireloli su ba ki hanya. Gidan bene kuwa, in biki a sama ake yi, sai dai amarya ta sauko ki ganta. Ranar da kika ga hotonsa a waya yana lilo a sararin sama, gonakin doya a ƙarƙashinsa, sai da kika zauna a ƙasa. Kika ce, “Allah ya ba ka ƙafa biyu, kai kuma ka ga ba su ishe ka ba.” Ya yi ta dariya yana rantse miki cewa ya fi tsoron babur ɗin haya a Zuba.

Don ya kwantar miki da hankali ne ya kawo kujerar gida ranar da zai ɗaura mata lemar ko-ta-kwana. Ita ce ƙaramar lema ta biyu, wadda ake naɗewa tsaf a cusa a wani aljihu a gefen kujera, ba a taɓa ta sai in babbar ta ci amana. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa ki zauna, ni ma ya kira ni daga kan keken ɗinki. Yaya da ba ya iya ninke rigarsa, ranar sai ga shi yana aiki kamar mai wankan jariri.

Na riƙe komai, don idona na tela ne. Ya sa aljihun a dama, saboda da hagu yake riƙe abin ba da wuta, kada wayar abin ta sarƙe da lemar. Ya bi da igiyarta mai kauri ta wajen ƙarfen kujerar, ba ta ciki ba, har zuwa kafaɗu biyu, ya haɗa da zoben ƙarfe mai noti, ya ɗaure da sifana, ya kuma naɗa roba don kada zoben ya juya. Ya ce in aka ɗaura ta a ƙugu mutum zai sauko a kife, a kafaɗa kuwa zai sauko a tsaye. Sannan ya rufe murfin aljihun, na ƙasa da na sama, ya soke su da fil biyu, ya manna jan mariƙi a inda hannu zai same shi ko da ido a rufe.

Bai tsaya nan ba. Ya rataye kansa a ƙarfen rumfarmu da injin a bayansa, yana reto, yaran maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ya ja mariƙin da dama, lemar ta faɗo a dunƙule. Ya mayar, ya sake rataye kansa, ya ja da hagu, ta faɗo. Ya ce miki in abu ya ɓaci, kashe inji ne farko, sai a ja, sai a wurga ta nesa da farfela. Ya ce duk bayan 'yan watanni Istifanus yana buɗe ta, ta sha iska, ya sake naɗewa. Ya ce kafin kowane tashi sai ya duba fil ɗin nan biyu da idonsa, ya shafa mariƙin da hannunsa. Sai ya juyo gare ni yana nuna ni da sifana. “Ke sarkin gyara, ko za ki taɓa komai a kujerar nan, ban da jan abin nan.”

Kin saurare shi har ƙarshe, kin ce Allah ya tsare. Amma na ga fuskarki. Ke noti da roba ba su taɓa ba ki natsuwa ba.

Bayan wata biyu kika je Kano gaisuwar rasuwa, kika dawo da laya. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kwalin ashana ba, an rufe ta da jar fata. Kin san Yaya ba zai karɓa ba. Tun yana saurayi ya tsinke wadda kika rataya masa, ya ce addu'a da baki ta ishe shi, kuka yi sati ba kwa dariya da juna. Saboda haka ni kika kira ɗaki, kika danƙa mini ita a tafin hannu kika rufe da naki. Kika ce, “Ki ɗinke masa a jikin abin nan, a inda ba zai gani ba.”

Ban yi miki gardama ba, kuma ba zan ce tsoronki ne ya sa ba. Ni ma ina so. Ni ma duk asabar da safe in ya ɗaure kaya a bayan mota, ina ta leƙen titi har ya dawo.

A makon ne ya kawo mini kujerar shago, zif ɗin aljihun da yake sa waya ya lalace. Ya faɗa mini ma cewa jiya-jiya Istifanus ya sake naɗe lemar, sai bayan watanni za a kuma buɗewa. Ya tafi aiki ya bar ni da ita. Na gyara zif ɗin cikin minti goma, sannan na zauna ina juya kujerar ina neman wuri. Aljihun waya kullum hannunsa na ciki. Na baya yana sa ruwa da sifana. Ƙarƙashin mazauni yana cirewa ya kakkaɓe. Wuri ɗaya ne kaɗai a duk kujerar da na san ba ya buɗewa.

Ban taɓa jan mariƙin ba, Umma. Wallahi ban taɓa ba. Ya ce kada in taɓa, na kiyaye. Gefen murfin na ɗaga da ɗan yatsa, can nesa da fil ɗin, na zura layar. Sai na ga in injin na girgiza za ta iya zamewa ta faɗo, ya gani, a yi rigima. Na ɗauko basilla da zaren roba irin na masu gyaran takalmi, baƙi kamar yadin, na ninka shi biyu. Na kama fatar layar da murfin ƙasa. Na ga bakin bai kwanta ba, na haɗa da murfin sama. Na bi na dawo, na bi na dawo, na ƙulle ta ciki.

Kin san ɗinkin ɓoye shi ne abin alfaharina. Da shi na yi suna a Zuba. Matan manya suna aiko mini da leshi daga cikin gari don in kama musu yaga ba tare da an ga sawun allura ba. Ke da kanki kika koya mini a bakin zanenki, kina buge mini hannu in zare ya leƙo. Ranar na yi mafi kyawun wanda na taɓa yi. Na ɗaga kujerar a hasken ƙofa na duba, ni kaina sai da na lalubo wurin da farce. Na dawo gida na ɗaga miki gira, kika yi murmushi, kika ƙara mini nama a miya.

Sati bakwai yana tashi da ita. Kafin kowane tashi yana duba fil biyu, yana shafa mariƙi, kamar yadda ya yi miki alkawari. Komai yana nan daidai yadda ya bar shi.

Ba sai na ba ki labarin asabar ɗin ba. Hantsi ne, farkon damina, kina tsince shinkafa. Abin da aka faɗa mana shi ne wata iska ta murɗe masa babbar lemar a saman gonaki tsakanin Sheda da Paikon Kore, ta ninke, igiyoyin suka sarƙe, lemar ko-ta-kwana kuma ta ƙi fita. A zaman makoki kowa da abin da yake cewa. Wasu sun ce kayan Turawa ne da suka tsufa, wasu sun ce ajali in ya zo ko a kan katifa ne. Ke carbi kawai kike ja. Ni kuwa ko sau ɗaya zuciyata ba ta kai kan ɗinkina ba. Na ɗauka ɗan gefe na kama, gefe kuwa me zai hana?

Kwana tara da rasuwar na buɗe shago, sai ga Istifanus da buhu. Ya rame, idonsa ja. Shi ne yake bayan Yaya a sama ranar, ya ga komai. Ya zauna a benci ya fito da kujerar, da jar ƙasa a jikinta har lokacin. Ya ce da irin Hausarsu ta Kafanchan, “Ƙanwata, na ga ya kashe inji. Na ga ya ja. Ya ja, ya ja, har ƙasa yana ja. Fil ya fita duka biyu, amma ƙofa bai buɗe ba. Ni na naɗe lema ɗin nan da hannuna, ban yi barci ba tun ranar. Ke tela ne, duba mini wannan wuri, ɗinkin kamfani ne?”

Ba zargina ya zo yi ba. Ido ya zo nema wanda ya fi nasa sanin zare. Ya sa reza a wurin da yadin ya tattare saboda ƙarfin ja, ya yanke. Zaren bai ko saki ba, Umma, yadin ne ya fara yagewa a gefensa. Murfin ya buɗe, lemar ta zubo fara tas a kan simintin shagona, layar ta gangara ta tsaya a ƙafar keke.

Istifanus Kirista ne, amma a Arewa ya girma, ya san laya in ya ganta. Ya dube ta, ya dube ni. Ban san abin da fuskata ta gaya masa ba. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ajiye mini a kan teburin yanka. Ya ce, “Ni ban ga komai ba. Zan ce yadi ne ya maƙale. Mama kada ya ji wannan.” Ya tattara lemar ya tafi. Na ji daga baya ya tara sauran ya sa kowa ya rataye kansa ya ja mariƙinsa a gabansa, ya kuma kafa musu doka cewa duk kujerar da ta je hannun wani, ko zif aka gyara, sai an sake ja kafin a tashi da ita. Shi kansa bai ƙara tashi ba.

Abin da ya fi cina har yau shi ne Yaya bai sani ba. Ya sauko yana ja, yana tunanin shi ne ya yi kuskure a wani wuri, shi da ya bi komai ɗaya bayan ɗaya.

A ranar, bayan la'asar, kika kira ni. Kina zaune a kan sallaya, baƙi sun ragu. Kika ce in rufe ƙofa. Kika tambaye ni a hankali, ba ki ko kalle ni ba, “Zulai, abin nan da na ba ki, kin kuwa saka masa?”

Na san dalilin tambayar. Kwana tara kina juya ta: yaya za a yi ɗanki ya faɗo da kariya a jikinsa? Na kuma san ke ba yarinya ba ce. In na ce na saka, za ki ce a ina. In na ce a ina, za ki haɗa da abin da kika ji a zaman makoki, ki gane cewa abin da kika ɗauko tun daga Kano a ƙullin zanenki shi ya rufe masa ƙofa. Hawan jininki a lokacin ya riga ya kai inda likita ke girgiza kai. Na duba wuyanki yadda ya zama siriri cikin kwana tara. Layar tana cikin jakata.

Na ce, “Na manta, Umma.” Na zuge jaka na fito da ita. “Ga ta ma.”

Kika karɓa. Kika juya ta a hannu, ba ki lura da ramukan basilla a gefen fatar ba, ko kuma idonki ya riga ya cika. Kika ce, “Amma kin ɗaga mini gira.” Na ce kunya na ji in ce ban yi ba. Kika ce, “To.” Kika tashi kika tayar da sallar da kika riga kika yi.

Ba ki taɓa zagina ba, gara ma da kin zaga. Ba ki faɗa wa kowa ba. Sai dai daga ranar kika daina kirana Zuzu, na koma Zulaihatu kamar a takardar makaranta. Bikin sallar da ya biyo baya na ga sabuwar atamfa a jikinki, ɗinkin wani tela a bakin tasha, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ni da nake miki ɗinki tun ina 'yar shekara sha huɗu. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, na fito na ce ta yi miki kyau.

In kika aike ni sayen magani sai ki maimaita sau uku, sannan ki kira 'yar maƙwabta ki sake faɗa mata. In na dafa abinci kina ci, amma ba kya cewa gishiri ya yi ko bai yi ba. Da na haifi Mudassiru kika karɓe shi, kika yi masa addu'a mai tsawo, kika ce wa mijina, ba ni ba, a riƙa lura da shi sosai. Na ji, na kuma san abin da kike nufi.

Sau da yawa na zo bakin ƙofarki da maganar a bakina. Sai in tarar kina ba wata baƙuwa labarin Yaya, kina cewa ke dai kin yi iya naki, Allah ya sani. Wannan kalmar ita ce sandar da kike dogarawa. Na ga da ita kike tashi, da ita kike cin abinci. In na karɓe ta don in sami sassauci a wajenki, me zan ba ki a madadinta? Sai in ce na zo tambaya ne ko kina son shayi.

Kada ki ɗauka ina wanke kaina ne. Ke kika ce a ɓoye, amma ba ke kika zaɓi aljihun ba. Ba ke kika ninka zaren ba. Da na yi ɗinkin banza irin na masu koyo, da ya gani ya yi faɗa ya tsinke, ko da ya tsinke da kansa a ja na farko. Iyawata ce ta kashe shi. Har yanzu ina zama a kan keke don yara za su ci abinci, amma duk wadda ta kawo yaga ta ce a kama mata yadda ba za a gani ba, sai in ce idona ya yi rauni.

Ranar da za ki tafi, da azahar ne, ina shafa miki ruwa a leɓe da auduga. Kin kwana biyu ba kya gane mutane sosai. Sai kika buɗe ido tar, kika kama hannuna na dama, kika ce, “Zuzu.” Na sunkuyo kusa da ke. Kika ce, “Mantuwar nan, na yafe miki. Duniya da lahira na yafe. Ɗan Adam ne.”

Da sauran numfashi a ƙirjinki, Umma. Da sauran lokacin da zai ishi jimla biyu. Na duba fuskarki, na ga ta kwanta yadda ban ganta ba tun ranar da kike tsince shinkafa. Kin sauke kayanki, kin yafe wa 'yarki, za ki tafi da sauƙi. Na buɗe baki na ce, “Na gode, Umma.”

Mutanen da ke ɗakin suna ta yi mini barka har yau, wai na dace, uwata ta tafi tana yafe mini. Ni kaɗai na san yafiyar ta sauka a kan laifin da ban yi ba. Wanda na yi yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Mutum biyu ne a duniya suke da ikon yafe shi, ɗaya bai san an yi ba, ɗayar kuma na hana ta sani da bakina. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce kuskure ba ganganci ba ne, Allah mai gafara ne. Na yarda da wannan. Amma ba muryar malam nake son ji ba.

Ya Allah ka jiƙan Umma, ka yalwata mata kabarinta, ka karɓi nufinta na alheri, kada ka kama ta da abin da hannuna ya aikata. Ka jiƙan Yaya Mudan, ka sa tsoron da ya gani tsakanin sama da ƙasa ya zama kaffara gare shi. Ka ba Istifanus barci. Ni kuma, in akwai sauran wuri a rahamarka, ka haɗa ni da su a inda zan iya faɗa musu ido da ido, su ji, ba tare da ya ƙara yi wa kowa ciwo ba. Amin.

Wassalam. Ki huta lafiya, Umma.

'Yarki da ba ta manta ba,
Zulai